Fuskar Kansila a Jikin Bagade

Farkon damina ne, a shekarar da sojoji suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki. Ruwa ya sauka sau uku ko huɗu, ƙasa ta yi laushi, kowa ya fito da fartanya yana tonon ɗan filin bayan ɗakinsa. Unguwarmu Kamazou a lokacin gonaki sun fi gidaje yawa. In ka tsaya a ƙofar cocinmu da yamma kana hango harshen wutar matatar mai can wajen Rido, ba abin da ya tare maka. Shekarar ta zo mana kamar an sauke wa mutum tulun da ya daɗe a kansa, wuya bai saba da sauƙin ba tukuna. A cikin bas mutane suna sukar gwamnati ba tare da sun waiga ba. Maigidana, da yake aiki a wata masaƙa a Kakuri, ya koma jin labaran rediyo yana gardama da mai karantawa. Ni ma da ba ruwana da siyasa na bi layi na dangwala, na dawo ina nuna wa yara tawada a yatsana.

Abin da ya fi yi mana daɗi, kansilan da ya ci a mazaɓarmu namu ne. Ba yare kaɗai muka haɗa ba, ƙauyenmu ɗaya can kudancin jiha, shinge ɗaya ya raba gidanmu da na ubansa. Ina 'yar budurwa mahaifiyarsa ta yi doguwar jinya, ni na riƙa goya shi ina zuwa rafi da shi. Ya girma, ya yi karatu, ya koyar a wata makaranta a Barnawa, bai taɓa wuce ni a hanya bai rusuna ba. Mama yake ce mini. Ranar da aka ce ya ci, na yi guɗa har muryata ta dushe.

Akwai kuma wani abu, gara in faɗe shi tun yanzu. Babbar 'yata ta gama kwalejin horon malamai, shekara biyu ke nan tana zaune a gida, kitso take yi wa matan unguwa. Masaƙa kuma ta fara rage wa ma'aikata kwanakin aiki, ana ta raɗe-raɗin sallama. Kansila da ƙafarsa ya zo gidanmu ya karɓi takardunta, ya ce in ƙaramar hukuma ta tashi ɗaukar malaman firamare, sunanta ne na farko a bakinsa. Duk gidan muka zuba ido a kan wannan magana. Yarinyar har ta ciro tsofaffin littattafanta daga akwati tana bita.

Cocinmu ƙarami ne, bulo da kwano, ba silin. Fada, limaminmu, sau ɗaya a wata yake zuwa daga cikin gari, sauran ranakun Lahadi katikis, malamin coci, ke bi da sujada, wato ibadarmu. Shara da wanki da gyaran bagade, wato teburin ibada da ke gaban jama'a, aikin zumuntar mata ne, kowace Asabar. Ni aka damƙa wa zannuwan bagade, domin ina da keken ɗinki. A ajin yaƙi da jahilci na koya bayan haihuwata ta biyu, Litinin da Laraba karatu da rubutu, Juma'a ɗinki. Farin ƙyalle ake shimfiɗawa a sama, wannan ba a canja shi. Sai zanen da ake zagaye gaban bagaden da shi, daga sama har ƙasa. Shi ne idon mutum yake faɗawa a kai in ya durƙusa.

Muna da wata al'ada a zumuntarmu, tun daga gida muka zo da ita. Duk lokacin da muka yi anko, na bikin kaka ne ko na Kirsimeti ko na aure, sai an cire wa bagade nasa. Tsofaffinmu sukan ce ba a sa sabo a bar ɗakin Allah da tsumma. Abin da muka ɗaura, shi bagade zai ɗaura. Shekara da shekaru muna haka, ba wanda ya taɓa ganin aibu, domin atamfofin duk furanni ne, ko ganye, ko tsuntsaye.

Kansila ya sa ranar sujadar godiya. Ba Lahadin Fada ba ce, amma ita ta dace da manyan baƙinsa. Ya aiko mana da atamfa bandir-bandir, shuɗiya mai kyau, sabuwar bugawa. A jikinta hotonsa ne cikin da'ira, da hula, yana murmushi, sunansa a ƙasa. Kowace mace ta samu rabonta, aka yi ragowa. Uwar zumunta ta miƙo mini ragowar ta ce, "Ga na bagade." Na karɓa da hannu biyu. Ba zan ɗora wa kowa ba, ni kaina ko ɗar ban ji ba. Abin da ya dame ni kawai yadda zan yanka fuskokin su fito cikakku, kada ɗinki ya raba masa hanci. Kwana biyu ina aunawa. Uku suka fito a jere, ta tsakiya daidai saitin gicciye. Na ji daɗin aikina.

Ranar Alhamis ta wannan mako wani tsoho ya sauka a gidan katikis. Ɗan zuhudu ne, irin waɗanda suke zama a gidan addu'a can cikin daji, ba aure, ba dukiya, sai noma da addu'a. Ba Fada ba ne, Burada ake ce masa. Ban taɓa ganin irinsu ba sai a kansa. Doguwar riga ce a jikinsa da ta koɗe har ba ka iya faɗin launinta na asali, da ɗamarar fata, da takalmin taya, da laima mai karyayyen ƙarfe ɗaya. Matar katikis ta ce ya fi shekara talatin bai fita daga gidansu ba, can kudu, ƙetaren kogin Kwara. Sai da ƙanwarsa ta kwanta ciwo a Filato shugabansu ya ba shi izini ya je. Ya binne ta, ya roƙa a bar shi ya koma a hankali, yana yada zango a ƙananan coci-coci irin namu.

Abincin baƙo bi da bi muke yi. Juma'a ta faɗo kaina, na kai masa paten acca. Na same shi a kan benci yana gyara wa matar katikis tsinkakken carbinta.

"Sannu da hutawa, Baba."

"Sannu, 'yata. Wannan ƙamshin yakuwa ne, ko hancina ne ya fara yi mini ƙarya?"

"Yakuwa ce, Baba."

"To zauna. Mu can ba ma magana lokacin cin abinci, ni kuwa yanzu ramawa nake yi."

Hausarsa ta mutanen Filato ce, a hankali yake fitar da ita. Na zauna nesa kaɗan, na tambaye shi yadda ya ga duniya bayan wannan daɗewa.

Ya ce, "Na bar ta da coci ɗaya a gari. Na dawo na tarar da biyar a layi ɗaya, kowanne da lasifika. Na ce madalla, mutane sun kama Allah. Sai ran nan a hanya muka iske babbar mota ta kife, akwai mutane a ƙarƙashi suna nishi. Waɗanda suka fara isa, buhunan shinkafa suka fara ja. Har da na cikin motarmu. Kuma ba mu daɗe da gama waƙar yabo ba, ni na ba da baitin farko."

Na ce, "Wayyo, Baba. Mutanen fa?"

"An ciro su daga baya. Biyu ba su jira ba."

Ya ci gaba da cin patensa. Can ya ce duk garin da ya sauka shirin godiya ake yi, wannan ya ci ciyaman, wancan ya ci majalisa. Ya ce bai ga laifin godiya ba, amma har yanzu bai sauka inda ake shirin tuba ba. "Shekarun nan da soja ya yi yana taka mutane, shi kaɗai ya yi? Wa ya riƙa yi masa rawa in ya zo gari? Wa ya riƙa kai masa sunayen maƙwabta? Yanzu an ce ya tafi, kowa yana murna, kamar ya naɗe halinmu a cikin kakinsa ya tafi da shi."

Na ce, "Baba, namu dai ba haka yake ba. Ni na goya shi."

Ya yi dariya ya ce, "To ke kika san nauyinsa. Allah ya sa haka."

Asabar da la'asar hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Muka share coci, muka goge bencuna, na ɗaura sabon zanen a gaban bagade, na kafe shi da fil, na ja baya. Mata suka tafa mini. Wata ta ce tela na kasuwa ma albarka. Muna cikin haka sai ga Burada ya shigo yin addu'arsa ta yamma. Kansa a sunkuye ya taho ta tsakiya, ya kai gwiwa ɗaya ƙasa a gaban bagade kamar yadda kowa yake yi, sannan ya ɗaga ido. Bai tashi ba. Ya daɗe a haka, har muka fara kallon juna.

Ya ce, "Wane waliyyi ne wannan? Ban san shi ba."

Wata ta yi dariya ta ce, "Haba Baba, ai Honarabul ne."

"Ya rasu ne?"

"Allah ya kiyaye. Gobe ne ma godiyarsa."

"To. Mai rai na durƙusa wa ke nan."

Ya dafa benci ya miƙe, yana kaɗe gwiwa. Bai ɗaga murya ba ko kaɗan. Na sake duban zanen kamar ba ni na ɗinka ba. Gobe duk wanda ya shigo, tsoho da yaro, a nan zai kai gwiwa ƙasa, kuma wannan murmushin ne zai tarye shi, har sau uku. Kwana biyu ina juya fuskar nan a ƙarƙashin allura, tunanin bai zo mini ba sau ɗaya. Mu wajen ashirin muka tsaya muna tafi, ba wadda ya zo wa.

Uwar zumunta ta matso ta yi masa bayanin al'adarmu, cewa ba ma sa sabo mu bar bagade. Ya saurare ta har ta gama.

"Al'adarku mai kyau ce, Mama. Wa ya ɗinka?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"Hannunki yana da kyau. Ko hancinsa ba ki taɓa ba."

Da ma zagina ya yi.

Muna nan tsaye muka ji tsayuwar mota. Kansila ne ya zo duba shiri, tare da ciyaman na kwamitin coci, wani dattijo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, da wasu mutum uku da suka fara binsa tun lokacin kamfen. Ya shigo da fara'arsa yana cewa, "Iyayena, sannunku da aiki." Ya rusuna mini kamar kullum. Da ya ɗago ya ga bagade, sai ya tsaya cik. Ya cire hula. Na san wannan fuskar. Ita yake yi yana ƙarami in an kama shi da hannu a tukunya.

Ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Kai, Mama. A nan kuma? Wannan bai yi yawa ba?"

Allah ne shaida, na buɗe baki zan ce, ya yi yawa, ɗana, bari in cire. Maganar tana kan harshena. Sai takardun 'yata suka faɗo mini a rai, na gan su a cikin farin ambulan ɗin da ya sa a aljihu ran nan. Na yi shiru. Shirun bai fi na haɗiyar yawu ba, amma ya isa.

Ciyaman ya shiga. "Wane irin yawa, ranka ya daɗe? Allah ne ya ɗaga ka, mu su wa? Mutumin da zai yi mana silin da fanka, ai ko bango muka lulluɓe da shi ba mu biya ba."

Uwar zumunta ta ce, "Ɗanmu ne kai. In ba mu yi maka ba, wa za mu yi wa?"

Ɗaya daga cikin mutanensa ya ce, "Oga, ko ciyaman na ƙaramar hukuma bai samu irin wannan ba. Gobe mai hoto daga nan zai ɗauka."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya sake juyowa ya dube ni, jira yake. Duk cikin ɗakin nan ni yake jira. Na ji bakina ya ce, "Ya yi kyau, Honarabul."

Ban taɓa kiransa da wannan suna ba sai ranar.

Abin da na gani bayan nan har yau yana tsaye a idona. Kafaɗunsa suka ɗan ɗaga. Ya mayar da hularsa, a cikin coci. Ya ja baya taku biyu, ya karkata kai, yana duban fuskokin nan uku kamar mai sayen kaya. Sannan ya nuna da makullin mota ya ce, "A ɗan ja na hagun nan, ya karkace."

Na durƙusa na ja.

Da zai fita ya hangi Burada zaune a bencin baya. Ya ɗaga masa hannu daga nesa ya ce, "Baba, a sa mu a addu'a gobe." Tsohon ya ce, "Tun yanzu na fara."

Ruwa ya tsuge, mata suka watse da gudu saboda shanya. Makulli a hannuna yake, domin ni zan zo da sassafe in sa furanni. Na kulle, na juyo, na ga Burada tsaye a baranda yana jiran ruwan ya tsagaita. Na tsaya daga gefe. Ƙarar kwano ba ta bari a ji magana sai an matso.

Ya ce, "Kin ga abin da na gani?"

"Na gani, Baba."

"Yaron nan da kunyarsa ya shigo. Ba shi ya zubar da ita ba, karɓe masa aka yi. Na yi tafiya mai nisa ina jin ana cewa shugabanni sun lalace, shugabanni sun lalace. Ban taɓa zaton zan tsaya in ga yadda ake yi da idona ba, cikin minti biyu, a ɗakin Allah."

Sai na gaya masa maganar 'yata. Ban san dalili ba, wataƙila don baƙo ne, zai tafi da ita. Na faɗa masa shekara biyun, da kitson, da masaƙa.

Can ya ce kafin ya shiga zuhudu shi malamin makaranta ne. Wani babban soja zai kawo musu ziyara, aka ba shi ya rubuta jawabin maraba, shi zai karanta. Mako guda kafin nan sojoji sun yi wa mai gadin makarantar dukan da bai ƙara tafiya daidai ba, a kan bai buɗe ƙofa da wuri ba. Ya ce ya sa layi ɗaya a jawabin game da haka, layi ɗaya tak, cikin ladabi. Sai aka tuna masa makaranta tana neman rijiya. Da hannunsa ya soke layin. Ya tsaya gaban yara ya kira mutumin uban talakawa, mai gadin yana zaune a bakin ƙofa yana ji.

Na ce, "Kun samu rijiyar?"

"Mun samu. Ruwanta mai daɗi. Yara sun daina zuwa rafi, ciwon ciki ya ragu. Shi ya sa ba na raina irin buƙatarki. Ba wanda yake lalata shugaba don mugunta, 'yata. Taruwa ake yi a kansa, kowa da ɗan abin da yake nema, kuma kowa buƙatarsa ta gaskiya ce. Wannan silin, wannan rijiya, wannan aikin 'ya. Kafin shekara ta zagayo ba sauran mai iya ce masa rigarka ta juya. Mu kuma mu koma gefe muna cewa duniya ta lalace."

Ya ce su ma a gidansu na zuhudu zaɓen shugaba suke yi. Kowa ya rubuta suna a 'yar takarda ya jefa a ƙwarya. Wanda ya ci ba a yi masa waƙa, galibi ma kuka yake yi. Washegari sunansa yana nan cikin jerin masu wanke bayan gida, ba a cirewa. Sannan akwai tsoho guda da aikinsa shi ne ya ja shi gefe ya faɗa masa in ya fara kumbura.

"Wa ake ba wa wannan aiki, Baba?"

"Wanda ba ya neman komai a wurinsa."

"To ni ina nema."

"Na ji. Shi ya sa naki ya fi na tsohon can wuya."

Na ce ya faɗa mini abin da zan yi. Ya girgiza kai. Ya ce shi baƙo ne, gobe bayan sujada zai kama hanya. In shi ya cire, jibi za mu mayar, mu ce tsoho ne ya ruɗe. Ya ce bai kuma san yunwar gidana ba, ba zai tsaya da cikinsa cike da patena ya ce mini in yi kaza ba. Abin da ya sani kawai, shi gobe a waje zai tsaya ya yi sujadarsa ta taga. Ya buɗe laimarsa mai karyayyen ƙarfe, ya sa kai cikin ruwan.

Da na koma gida na tarar da 'yata tana guge ankonta, maigida yana cin tuwo kusa da rediyo. Na ba su labari tun daga farko, ban rage ba, har da abin da na ce.

Maigida ya ce, "Ke ce Fada? Ke ce katikis? Katikis ma ai ya leƙa ya gani, ya yi shiru da bakinsa. Ki bari yarinyar nan ta karɓi takardar kama aiki, daga nan in kin ga dama ki cire har kwanon cocin."

"Gobe ne za a durƙusa, Baban yara. Ba bayan takarda ba."

"Ƙyalle ne fa. Ni da nake tsaye a kan inji, irin fuskokin nan nawa suka wuce ta gabana bana? Tawada ce da auduga."

Na ce, "In ƙyalle ne kawai, me zai sa cire shi ya hana aiki?"

Ya ƙara muryar rediyo. Na dubi 'yata. Ba ta ɗago ba, tana ta bin gefen zanen da dutsen guga, garwashi yana ƙara a ciki. Na so ta ce wani abu da zai sauƙaƙa mini. Abin da ta ce kawai shi ne, "Mama, shekara biyu fa."

Washegari gari bai gama wayewa ba na fita. Hanya duk taɓo. Na buɗe coci, na zare fil ɗin ɗaya bayan ɗaya, na ninke zanen fuska a ciki. Ban tsaya sa wani ba, domin na san in na tsaya ƙafata ba za ta kai ni inda zan je ba.

Gidan da kansila yake haya bai da nisa. An riga an kafa rumfuna, mata suna hura wuta a ƙarƙashin manyan tukwane, ana feɗe saniya a bayan gida. Na same shi a baranda da singileti, yana goge baki, mutanensa biyu suna zaune. Ya ga ni ce, ya fara murmushi, sai ya ga abin da ke hannuna.

Na ce, "Ɗana, jiya ka tambaye ni, na yi maka ƙarya. Ya yi yawa. Ni na ɗinka, ni na cire. Kada a nemi katikis, kada a nemi baƙo."

Ɗaya daga cikinsu ya miƙe. "Madam, kin san da wa kike magana kuwa?"

Kansila ya ɗaga masa hannu, ya zauna. Ya kurkure baki, ya zubar, ya daɗe yana duban zanen. Na tsaya ina neman fuskar jiya, ta yaron da aka kama da hannu a tukunya. Wataƙila ta gilma, ba zan rantse ba.

"Mama, sai yau da safe? Baƙi suna hanya. An riga an gaya wa mutane."

"Jiya ya kamata. Ban iya ba."

Ya juya kai yana kallon masu feɗe saniya. Da muryar nan tasa mai laushi, wadda na sani tun tana kiran sunana a bakin rafi, ya ce, "Takardun ƙanwata suna kan teburina fa, Mama."

Na zo da shirin faɗa, da shirin kora. Wannan ban zo da shirinta ba. Kwana ɗaya tak, har ya koyi yi mini barazana.

Na ce, "Na sani."

Na ajiye masa zanen a kan benci, na yi wa masu girki sannu da aiki, na fito.

Da jerin sunayen malamai ya fito bayan 'yan watanni, babu na 'yata. Ba wanda ya ce mana don kaza ne, mu ma ba mu tambaya ba. Ta ci gaba da kitsonta, kuma ta daɗe ba ta zauna hira da ni ba. Ba zan ce ta yi laifi ba.

Amma wannan duk daga baya ne. A safiyar dai, daga gidansa coci na koma. Na wanke taɓon ƙafata a bakin duro, na buɗe akwatin zannuwa na ciro na bikin kakar bara, kore mai ganyen masara, ya ɗan koɗe ta gefe ɗaya. Na durƙusa ina kafe shi, fil a bakina, har na soki yatsa. Ina cikin haka katikis ya shigo zai buga ƙararrawar farko. Ya tsaya a bayana. Ya dubi bagade, ya dube ni.

Ya ce, "An tashi lafiya, Mama?"

Na cire fil daga baki na ce, "Lafiya lau, Malam."

Ya wuce wurin ƙararrawa, ni kuma na ja gefen da ya koɗe na kai shi ta bango, na ci gaba da kafewa.